Eriyar da Ishiyaku Ya Ɗaura

Duk wanda ya ci kasuwar Rano a shekarun baya ya san rumfar Ishiyaku Mai Rediyo, ko da bai taɓa kai gyara ba. 'Yar rumfar kwano ce a gefen 'yan tireda, cike da matattun rediyo har rufi, ƙaurin dalmar da yake narkawa yana tashi tun hantsi. Mutumin Zurgu ne, dogo, siriri, ba ya son yawan magana. Sana'ar ta ciyar da shi, ta yi masa aure, ta gina masa ɗakuna a gidan gado. Daga baya kuma ta mutu a hannunsa yana kallo. Rediyo masu araha suka cika kasuwa, in sun lalace a yar a sayi wani. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ishiyaku ya koma gyaran tocila da fitilun caji.

Amma akwai abin da ya riƙe a ransa wanda bai mutu ba. Lokacin da yake koyon aiki a Kano, ubangidansa Malam Ramalan, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana da wata na'ura a ƙuryar ɗakinsa. Irin rediyon nan ne da ake ji kuma ake magana ta cikinsa, wanda yara ke kira oba-oba, sai dai nasa babba ne, yana kai murya har wasu ƙasashe. Da tsohon zai rasu ya ce a ba Ishiyaku. Shi kuwa ba shi da izinin hukuma na yin magana da ita, bai ma san ƙofar da ake bi ba. Saboda haka shekara da shekaru sauraro kawai yake yi. Bayan la'asar yakan zauna a zaure yana murɗa ta a hankali, muryoyin mutanen da bai sani ba suna zuwa suna wucewa.

Matarsa Ramlatu takan leƙo ta ce, "Malam, mutanen nan naka ko sannu ba su taɓa ce maka ba, kai kuwa kullum kana hira da su."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ba su san ina nan ba."

Wata damina kububuwa ta sari wansa Datti a fadamar da ke bayan Fammar. Wurin babu sabis. Masu noma kusa da shi duk da waya a aljihu, wani har bishiya ya hau yana ɗaga tasa sama, a banza. A amalanke aka ɗauko shi cikin taɓo, kafin a kai bakin titi rai ya yi halinsa. Ishiyaku ne ya yi masa wanka. Tun daga ranar, in ya dubi na'urar Malam Ramalan sai ya tuna da Datti. Ga abin da ba ya buƙatar sabis, ga shi a ajiye a zaure kamar turmi.

Ana haka sai ɗan yayarsa, Muhyiddeen, ya dawo gida da arziki. Yaron a gidan Ishiyaku ya yi firamare, Ramlatu ce take wanke masa kayan makaranta. Yanzu ya zama Alhaji, ya kafa injin casar shinkafa a Kibiya, ya shimfiɗa farantan sola a rufin. Ya kuma kawo wata a-kori-kura fara fat wadda ba ta shan fetur, caji ake yi mata kamar waya. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Awaki ba sa tashi daga hanya sai direbanta Dalhatu ya danna hon. Ran da ta fara shiga Rano mutane suka kewaye ta, wasu na leƙen ƙarƙashinta suna neman salansa.

Ishiyaku ya same shi a gidan injin, ya zauna a benci ya jira har ya sallami mutane.

"Kawu, kai da kanka? Ai da ka aiko na zo."

"Magana ce ta kawo ni, Muhyiddeen. Motar nan taka kullum tana cikin ƙauyuka ɗaukar shinkafa. In aka ɗaura mata oba-oba, aka sa wasu a Fammar da Zinyau da Zurgu, duk wanda lalura ta sama sai a kira ta. Kawunka Datti da an samu haka..." Bai ƙarasa ba.

Fuskar Muhyiddeen ta washe. "Wallahi Kawu ka kawo shawara. Zan sayo kayan. Kai dai yi aikinka."

"Sai da izinin hukuma fa."

"Wannan ka bar mini. Ina da mutane."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Eriyar da aka kawo mai maganaɗisu ce a gindi, ana ɗora ta a rufin mota ta kama. Ya ɗora, ta zame ta faɗo, domin jikin motar alminiyon ne, ba ƙarfe ba. Sai da ya je wurin mai walda aka lanƙwasa masa ƙarfe, ya huda gefen bodin baya a hankali, don bai taɓa huda abu mai tsada irin wannan ba. Ya ja waya ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa har gaban direba. Akwai wasu wayoyi masu kauri, ruwan goro, da ke zuwa babban batirin da ke jan motar. Su ko kusa bai je ba, a ƙaramin batiri ya ɗauki wuta.

Da motar ke tsaye murya ta fito tangaran. Dalhatu na taka ta sai wani shuuu ya rufe komai. Ishiyaku ya kwanta a ƙarƙashinta, ya ɗaure nan da wayar tagulla, ya sauya wa eriya wuri, ya naɗe waya ya warware. Ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Daga ƙarshe ya haƙura ya ce wa direban, "In ka ji kamar ana kira, ka tsaya. Iyakar abin da na iya ke nan."

Sannan ya bi ƙauyuka da dogayen bututu a bayan motar. A Fammar ya kafa eriya a gidan Malam Jabiru, malamin makarantar allo, mutum mai amana da ba ya nisa da gida. A Zinyau ya sa a shagon mai magani, a Zurgu a zaurensa. Ɗaya ta hannu da ta rage ya kai rugar Fulanin da ke bakin fadama, domin su ne suka fi kowa nisa da titi, su ne kuma suka ba da amalanken da aka ɗauko Datti.

Kafin kaka ta ƙare abin ya yi rana. Injin sussuka ya kama hannun wani magidanci a Fammar. Ishiyaku na zaure ya ji muryar Malam Jabiru: "Dalhatu, Dalhatu, kana ji na?" Shiru. Sai can direban ya amsa, "Na ji, Malam, na tsaya. Ina ne?" An kai mutumin asibiti da ransa, hannun ma ba a yanke ba. Ramlatu ta shigo da ruwan alwala ta tarar da mijinta ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Ta ajiye butar ta fita.

Bayan nan an ɗauki masu naƙuda, an ɗauki wanda shanu suka taka. A wurin biki maroƙa suka fara kiran motar da sunan Alhaji Muhyiddeen mai ceton rai. Ishiyaku bai damu ba. Abu ɗaya yake tambaya duk sanda suka haɗu.

"Ina maganar izinin nan?"

"Tana hanya, Kawu."

Da rani ya shigo, aka sace wani ɗan kasuwa a wani ƙauye da ke kudu da su. Tsoro ya shiga mutane. Aka fara cewa masu satar mutane da oba-oba suke magana. Wani ya ce ya wuce ta ƙofar gidan Ishiyaku ya ji Fulatanci na fita daga zaure. Gaskiya ne ya ji, domin dattijon rugar ne yake neman mota a kai jikarsa asibiti. Amma wannan ɓangaren ba wanda ya ɗauka. Magana ta bi majalisu da wurin mai shayi, tana tafiya tana ƙara kauri.

Ranar kasuwa, da rana tsaka, 'yan sintiri suka zo rumfarsa. Cikinsu har da waɗanda ya gyara wa iyayensu rediyo. Ya miƙe zai yi bayani, wani ƙato ya zabga masa mari a kunnen hagu, ya ji kamar an fasa tulu a cikin kansa. Aka ja shi ta tsakiyar kasuwa, hularsa ta faɗi, mutane suka dare suna kallo. Aka bi gida-gida aka sauke eriyoyin, aka kwashe na'urorin har da ta Malam Ramalan, aka miƙa shi hannun jami'an tsaro.

Babban jami'in da ya yi masa tambayoyi bai yi masa tsawa ba. Cewa ya yi, "Baba, wa ya ba ka izinin kafa waɗannan?"

"Ɗan yayata ne ya ce zai karɓo. Motar ma tasa ce. Ku kira shi."

Aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. A lokacin Muhyiddeen ya riga ya shiga neman takara, hotunansa sun fara hawa bango.

"E, kawuna ne, ba zan musa ba," in ji shi. "Amma ni rediyon mota kawai na ce ya duba mini. Abin da ya je ya kafa a ƙauyuka da ruga, wallahi ban san da shi ba. Ku yi bincikenku, ni ba na goyon bayan ɓarna."

Ishiyaku ya karkato da kunnen dama, don na hagu ya daina ji. "Me ya ce?" Jami'in ya maimaita masa.

Ya yi watanni a tsare a birni. Malam Jabiru kaɗai ya yi ta sintiri yana ba da shaida, har aka fara yi masa kallon tuhuma shi ma. Ramlatu ta sayar da akuyoyinta tana kai abinci. Sai da aka kama ainihin ɓarayin a wata jiha, aka ga ba su da alaƙa da shi, sannan aka ce ya tafi, a gargaɗe shi kan kafa na'ura babu izini. Kayansa ba a dawo da su ba. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Ran da ya sauka a tashar Rano, da motar ya fara cin karo. An lulluɓe ta da hotunan Muhyiddeen, an ɗaura manyan lasifikoki a bayanta, a daidai ramukan da ya huda, a kan ƙarfen da ya sa aka lanƙwasa. Waƙar siyasa na tashi har ƙasa na girgiza. Dalhatu ya hango shi ya kau da kai.

Kunnen bai dawo ba. Rumfar ya buɗe ta na ɗan lokaci, amma masu kawo tocila sun koma wani wuri. An san an wanke shi, duk da haka in ya iso majalisa sai hira ta sauya. Yayarsa Khadijatu, uwar Muhyiddeen, ta zo da kuka ta ce yaro ne, tsoro ya ji, kada a ɓata zumunci. Bayanta aka aiko da buhun shinkafa. Ramlatu ta tsaya a bakin zaure ta ce wa ɗan aiken, "Mayar masa. Ka ce matar da ta wanke masa wando ta gode." Muhyiddeen da kansa bai taka gidan ba. Ya kuma ci zaɓensa.

Ishiyaku ya rufe rumfar, ya koma noman albasa a gonar da Datti ya bari, yana riƙe da marayunsa. Daminar da ta biyo baya wata mai ciki ta rasu a hanyar Zinyau, a kan babur. Da labarin ya iso masa, ranar bai ci tuwo ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, Malam Jabiru ya biyo shi har gona, suka zauna a gindin ɗorawa.

"Malam Ishiyaku, azumi ya matso. Na zo in roƙe ka abu ɗaya. Ka yafe wa yaron nan, ko don ka huta."

Ishiyaku ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannunsa.

"Allah gafarta Malam, na san abin da littafi ya ce. Marin na yafe, wanda ya yi shi jahili ne. Zaman da na yi a can ma na bar wa Allah. Amma shi yaron ya rantse a kan ƙarya, Malam. Ina zaune a wurin ya ce wallahi." Ya kaɗe hannunsa. "Na gwada, zuciyar ta ƙi. In ta yarda zan aiko maka."

Malam Jabiru ya yi masa addu'a, ya hau kekensa ya koma Fammar. Azumi ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Har yanzu Ishiyaku bai aika ba.