Teburin Madam Laraba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da kwamitin rage ma'aikata ya shigo ofishinmu ya tarar da teburin Madam Laraba fes, ko ƙyallen takarda babu a kai. Ku yaran yanzu kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake ɗaure fuska in na ji an ce za a yi wa ma'aikata semina, wato taron ƙara wa juna sani. To, ga dalilin.

A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ni ne shugaban rajistiri a wata ma'aikatar gwamnati da ke Kakuri. Ga wanda bai sani ba, rajistiri shi ne ɗakin da kowace takarda ke bi: ta neman hutu, ta ƙarin girma, ta ajiye aiki. Mu ne muke karɓa, mu sa a fayil, mu kai wa jami'in da zai sa hannu, in ta dawo mu buga amsa. A cikin akawunan da ke ƙarƙashina akwai Madam Laraba, 'yar Zonkwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu a ɗakin haya a Sabon Tasha. Ba ta shigo aikin gwamnati da wuri ba, don haka a lokacin saura mata 'yan watanni ta cika shekarun da ake ba mutum fansho. Fanshon nan shi ne duk abin da ta sa a gaba.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Aka kawo mana sabon Darakta, mai son a ce ya zo da gyara. Bai daɗe ba ya ɗauko wani masani daga Legas ya koya mana yadda ake tattalin lokaci. Mutumin ya yi ta zuba Turanci, amma maganarsa ba ta wuce abu kaɗan ba. Ka fara da aikin da ya fi wuya tun da safe. Takardar da ka ɗauka kada ka ajiye sai ka gama da ita. Ka ware wa baƙi lokacinsu, hira kuma sai bayan aiki. Muka tafa, muka sha lemo, muka watse. Duk maganar ta bi ta bayan kunnenmu, ban da mutum ɗaya.

Madam Laraba ta ɗauki abin kamar wa'azin fasto. Tana riga kowa zuwa, ta fara da fayil ɗin 'yan ritaya, waɗanda kowa ke gudu saboda wahalarsu. In abokan aiki sun jawo kujera za a taɓa gulma, sai ta ce, "Ku yi haƙuri, sai an tashi." Takardar da a da take yin wata a wurinmu ta koma fita a mako guda. Kafin rana ta karkata ta gama komai, ta goge teburinta. Da farko takan zagaya ta tambayi wanda ke son taimako, amma ba mai ba ta, don ba mai son a gane cewa tulin da ke gabansa aikin yini ɗaya ne. Sai ta koma tana buɗe Littafi Mai Tsarki tana karantawa har a tashi.

Ana cikin haka aka ce ma'aikata sun yi wa gwamnati yawa, za a turo kwamiti ya zagaya ya ga wa ke aiki, wa ke zaman kashe wando. A ma'aikata ba a ɓoye wa direba komai, direba kuma ba ya ɓoye wa kowa. Tun ana jibi za su zo muka sani. Ranar nan na ga abin kunya da idona. Manya da furfurarsu suna layi a sito suna aron tsofaffin fayil, har na mutanen da suka daɗe da mutuwa, suna jibgewa a tebur. Wani sai ka leƙa kafin ka hango hularsa.

Na kira ta gefe na ce, "Madam, ki je sito ki ɗebo ko guda goma ki ajiye. In sun wuce ki mayar."

Ta dube ni ta ce, "Haba Oga Ayuba! A shekaruna in yi ƙarya da takarda? Ai Darakta da kansa ya ce mu riƙa gama aiki a kan lokaci. In sun tambaya zan nuna musu aikina."

Ba su tambaya ba. Bayan sun ci abincin rana suka shigo, mutum uku da manyan riguna. Suka bi tebur-tebur suna gyaɗa kai, suna cewa sannunku da aiki. Da suka zo nata, sai babbansu ya tsaya, ya dubi teburin, ya dubi littafin da ke hannunta, ya tambayi sunanta kawai. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu ya ce suna sauri, akwai sauran ofisoshi.

Da sunayen suka fito, daga rajistiri ita kaɗai aka sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na hau bene wurin Darakta, abin da ban taɓa yi ba sai an kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Matar nan ita kaɗai ta bi abin da ka kawo aka koya mana. Ta fi mu duka aiki."

Ya ce, "Yaushe take gamawa?"

Na ce, "Kafin azahar, ranka ya daɗe."

Ya jingina da kujera ya ce, "To, Malam Ayuba, ai kai ma ka ba da shaida. Kujerar da aikinta ke ƙarewa kafin azahar ba ta buƙatar cikakken mutum."

Na roƙe shi ko watannin nan a bar ta ta cika, saboda marayun da ke hannunta. Ya ce magana ta riga ta wuce sama, ya jawo jarida. Ina saukowa na gane da bakina na ƙara ɗaure ta.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga ranar ba wanda ya sake barin teburinsa ya yi haske. Aikinta aka raba wa mutum biyu, su ma suna kukan ya yi musu yawa. Takardu suka koma kwana yadda suka saba.

Fansho dai ya wuce ta, sai ɗan garatuti, wato kuɗin sallama da ake biya sau ɗaya. Shi ma sai da ta yi ta sintiri. Ni na ɗauki fayil ɗinta da hannuna na kai sama, amma can ya shige ƙarƙashin wani tuli, ikona kuwa bai kai can ba. Takan shigo motar haya daga Sabon Tasha ta zauna a bencin ƙofar ofis, a ce mata ta dawo gobe. Wata rana na fito na same ta a zaune tun safe, na rasa inda zan sa idona. Na fara ba ta haƙuri, sai ta yi murmushi ta ce, "Kada ka damu, Oga Ayuba. Yanzu ai ina da lokaci."

Har yau maganar nan tana ci mini rai. Ba zan ce muku ku yi lalaci ba, Allah ya kiyaye. Tsara lokaci abu ne mai kyau, na gani da idona. Amma na bar aikin nan da sanin cewa a inda manya ba sa iya tambayar abin da mutum ya gama, sai abin da ya tara a gabansa, mai himma shi ne farkon wanda ake yanka. In kun zama manya, kuka ga tebur babu komai a kai, don Allah ku tsaya ku tambaya.