Makullan Alhaji Sabo a cikin asid

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka tura ni Gyaɗi-Gyaɗi wanke tukunyar tururin Alhaji Sabo, mai injin gyaran shinkafa, ba. Lokacin ban daɗe da zama shugaban ma'aikata a shagonmu na Tarauni ba, kuma aikin farko ke nan da maigidana, Injiniya Bulus, ya sakar mini. In tukunyar ta huje, ni ma na huje.

Ga yadda aikin yake. Gishirin ruwa kan daskare a cikin tukunya kamar ƙanzo, sai a narkar da shi da asid. To asid ba shi da kunya, yana gama ƙanzon sai ya koma cin ƙarfen. Shi ya sa muke zuba masa wani magani da ke mannewa a jikin ƙarfe, ya yi masa riga wadda ido ba ya gani, asid ya rasa wurin cizo. Aibin maganin ɗaya, ƙarnin kifi.

Alhaji na sunsunawa ya ce, "Wannan ba zai shiga tukunyata ba. Shinkafa nake sayarwa, ba banda ba."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce to mu gwada da ƙusa biyu a kofi biyu, ɗaya asid zalla, ɗaya da magani.

"Ƙusarku? Na san halin masu gyara."

Ya ciro makullan kwaɗon sitonsa, su biyu ne tak, ya jefa kowanne a kofi. Don kada mu yi maguɗi, ya kai kofunan cikin siton da kansa, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo. Sai da ya laluba aljihu ya tuna makullan duka biyu suna cikin siton. Ni dai na duƙa ina ɗaure takalmin da ba shi da igiya, don kada ya ga dariyata.

Washegari mai walda ya yanke kwaɗon. Makullin da ke cikin asid zalla ya rame, haƙoransa sun zube, na cikin mai magani kuwa lafiya lau. Alhaji ya daɗe yana juya su a tafin hannu, sannan ya ce, "Zuba kifin naka, amma ka ɗauraye sosai."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Tun daga ranar ba na jayayya da mai kaya, barinsa nake ya gwada da hannunsa. Sai dai nakan tambaye shi tukun ko yana da makulli na uku.