Malam Sada Maliki Dutsi da Babin da Ya Tsallake

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sada a garin Dutsi da ke kusa da Daura a shekarar 1949. Mahaifinsa Malam Maliki manomi ne, mahaifiyarsa Shatu kuwa 'yar wani falken dabbobi ce daga Mashi. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala firamare a Daura, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1965. A can ne, cikin darasin halittar ido, ya gano dalilin da ya sa tun yana yaro ake masa dariya idan ya tsinko ɗanyen tumatir a maimakon nunanne: Allah ya halicce shi ba ya bambance ja da kore. Ya ɓoye wannan sirri a ransa.

Aikin Koyarwa

Daga 1970 zuwa 2005 ya koyar da kimiyya a makarantun ƙasar Daura, kuma ya shahara da kwanon ruwa da ɗan madubi, waɗanda yake ajiyewa a bakin taga har farin hasken rana ya rarrabu a jikin bango kamar bakan gizo. Yakan bayyana cewa ganye ya zama kore ne domin ya shanye sauran launuka ya maido kore zuwa ido. Launukan da yake nunawa da sanda kuwa haddace su ya yi bi da bi, kuma babu ɗalibin da ya taɓa ganewa. Babi ɗaya ne yake tsallakewa duk shekara, babin makantar launi, yana cewa, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Gaskiyar magana, tsoro yake kada a ce malamin launi makahon launi ne.

Aure da Zuriya

A 1973 ya auri Kulu, wadda ita kaɗai ta san sirrinsa, ita ce kuma ke zaɓa masa hular da za ta dace da riga. Malam ya sani sarai cewa wannan larura gado ce: uba yakan ba 'ya'yansa mata, ta ɓuya a jikinsu, sannan ta iya bayyana ga 'ya'yansu maza. A 1993 'yarsa Firdausi ta haifi Suhaibu. Da yaron ya tasa yana rikita ja da kore, uwarsa na masa faɗan sakarci, Malam ya gane abinsa, amma ya kau da kai. A 2012 Suhaibu ya shiga koyon aikin wayar lantarki, sana'ar da rai ke rataye a kan launin waya. Kulu ta roƙi mijinta ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya amsa mata cewa yaro zai saba kamar yadda shi ma ya saba.

A watan Afrilun 2017, Suhaibu yana haɗa injin rijiyar burtsatse a Mashi, ya ɗaura jar waya mai ɗauke da wuta a jikin injin, a gurbin koriya. Wuta ta ja shi, ya rasu nan take yana da shekara ashirin da huɗu.

Ƙarshen Rayuwa

Ranar sadakar uku Malam ya miƙe a gaban dangi ya faɗi abin da ya ɓoye fiye da shekara hamsin. Kowa ya ce ƙaddara ce, shi ma bai musa ba, sai dai nadama ba ta sake shi ba har ƙarshen ransa. Firdausi ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma daga gaisuwa ba ta ƙara kome.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Daura ranar Laraba, 9 ga Nuwamba 2022, aka yi masa sutura da la'asar. Ya bar matarsa Kulu da 'ya'ya shida: Mansur, Firdausi, Sabiru, Adawiyya, Zaituna da Maijidda. Wasiyyarsa ita ce a kai duk jikokinsa maza ta wajen 'ya'ya mata asibitin ido, kuma Firdausi ce ta kai su. An sami uku da larurar. Da likita ya gama gwajin kafin ma Firdausi ta gyara zama, sai ta tambaye shi ko iyakar gwajin ke nan. Ya ce shi ke nan.

Allah ya jiƙan su da rahama, shi da Suhaibu.