Layin murya a teburin shanu

Ana sadakar ukun Baba a Jugu, Inna ta ja ni gefe. Ta ce an gaya mata muryarsa na cikin injin da muke aiki a kai, in kawo mata ta ji. Na ce to. A kwanakin nan duk abin da aka faɗa mini to nake cewa.

Gaskiya ne kuwa. A Paraku nake aiki, wani ƙaramin biro, wato ofis, a unguwar Banikanni, muna gina manhajar intanet ta masu cinikin shanu. Baba dillali ne, shi na fara sakawa a ciki. Boko bai yi ba, irinsa kuma da yawa, sai muka ƙara layi guda a teburin shanu, wato jadawalinsu a rumbun bayanai, inda mutum zai danna ya faɗi kamannin dabbarsa da baki. Baba ya riƙe abin kamar rediyo. Sa ɗaya sai ya yi masa bayanin da ko ni bai taɓa yi mini ba.

Aikinmu mako bibbiyu muke yankawa. Kowane zagaye siffar rumbun sai ta canja: a ƙara layi, a raba tebur, a cire abin da ya tsufa. Migrasiyo muke ce wa wannan. Dokar madam, shugabarmu, ita ce duk wanda ya rubuta hanyar gaba, ta yin canjin, sai ya rubuta ta komawa baya. Ni na fi kowa masifa a kan dokar nan, har yaran biro na kirana liman.

Tun kafin rasuwar an yanke cewa layin murya zai tafi. Ya cika wuri, kuma an kawo hotuna da zaɓin launi. Katin aikin da sunana yake manne a bango. Na sani sarai, kawai bai zo mini a rai ba ina zaune a tabarma ana ta miƙo mini hannu.

Na daɗe a Jugu. Ran da na koma, abokin aikina ya tare ni a ƙofa, ya yi mini gaisuwa, ya ce: "Yaya, kar ka damu da katinka, na ɗauke maka. Madam ta ce a rage maka nauyi."

Na ce na gode. Wallahi har kafaɗarsa na dafa.

Aikinsa tsaf, babu abin zargi. Ya cire layin, ya share fayilolin sauti, ya rubuta hanyar baya yadda na koya masa. Kwafin ajiyarmu kuwa sabo ke hawa kan tsoho duk mako, an riga an wuce wurin. Duk da haka na kunna hanyar bayan a injina. Layin ya dawo da sunansa, daidai wurinsa, tun daga sama har ƙasa babu komai a ciki. Na daɗe ina kallo ban ji komai ba. Da aka kira azahar na tashi na yi, na ci shinkafa, na ɗauki wani katin.

Ran Juma'a na hau mota zuwa Jugu. Inna na ɗakin takaba, ta kashe fanka don ta ji da kyau. Na ce mata an gyara injin, muryar ta tafi. Ba ta tambayi wanda ya yi ba.

Ta ce: "Kai ai ka saurara. Me yake cewa?"

Na ce shanu ne kawai, Inna.

"Faɗa mini."

Na gyara zama na ce: "Bijimi ne fari, ƙahonsa ɗaya ya karkata, daga Barienu aka kawo shi, ba ya faɗa."

Ta rufe ido. Can ta ce: "Shi ba ya sauri haka. Sake."