Cefanen Dada

Dalhatu manomin rani ne a Kadawa. Kakarsa Dada ce ta raine shi, kuma "mijina" take kiransa, irin wasan kaka da jika. Duk shekara kwandon tumatir na farko nata ne. Sai ta leƙa, ta taɓe baki: "Wannan ne cefanen? Kai, miji marowaci, yaji zan yi!"

Bana ma ya ɗauko kwandon, sai da ya iso ƙofar ɗakinta ya tuna tun damina aka binne ta. Yanzu buhunan taki ne a cikin ɗakin. Ya kai wa wata tsohuwa kwandon sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Dada. Tsohuwar ta yi ta sa masa albarka. Ya daɗe a tsaye, ba wanda ya ce masa marowaci.