Motar da Baba bai ji injinta ba

Jiya sai ga ni a kujerar baya ta irin motar da nake karantawa a littattafan soyayya. Kujera mai laushi, ga sanyi, ga ƙamshi. Har na lumshe ido.

Babana bakanike ne. Akwai wani Alhaji da motocinsa ke riƙe da garejinmu, kuma ba ya sayen mota sai Baba ya tuƙa ya saurari injinta. Wannan karon mai aiki da lantarki aka kawo masa daga Abuja. Ni aka ce in faɗi ko matarsa Hajiya za ta ji daɗin zaman baya.

Baba ya taka ta a titin Kaduna, Alhaji na gefensa. Ko ramuka ban ji ba. Sai na ga Baba ya kashe rediyo ya karkata kunne yadda ya saba. Shiru.

A Sabon Wuse ya tsaya, ya buɗe gaba zai duba baƙin mai. Babu inji, sai wurin ajiye jaka.

Alhaji ya yi dariya. "Malam Sule, yaya ka ji ta?"

"Lafiyarta ƙalau, Alhaji, ka saya." Ya goge hannunsa da tsumma, alhali bai taɓa komai ba. "Sai dai wannan ba ta buƙata ta."

Da ya ce tana da matsala, wallahi da Alhaji ya fasa saye. Bai ce ba.

Ku 'ya'yan masu sana'ar hannu, kun taɓa ganin gaskiya ta yi wa mahaifinku tsada haka?