Ƙyallayen Yaya Isiya da na wanke

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isiya, direban gingimari. Abin da ya tayar mini da mikin, jikata ce ta nuna mini taswirar Najeriya a wayarta, an shafe ta da ja da ɗorawa da kore, wai masana sun auna iskar da kowane yanki ke shaƙa. A otal suka ƙaddamar da ita, janareto na ta bulbula hayaƙi a bayan ɗakin taron. Na tuna mutumin da ko firamare bai gama ba, wanda ya riga su.

Zamanin da kuɗin fetur suka fashe, gidanmu a Jibiya na bakin layin da motoci ke jiran ƙetare iyaka zuwa Maraɗi. Mota sai ta yini biyu a layi, kuma babu direban da ke kashe inji. Mai ya yi arha, kashe inji kuwa a wurinsu alamar tsiya ce, sai a ce batirinka ya mutu ko ubangidanka matsolo ne. Ƙattin banza, suna zaune suna cin tsire, hayaƙinsu na shiga ɗakin Innarmu mai fama da asma.

Yaya ya yi ƙorafi, aka ce hayaƙin murhunmu ne. Sai ya sayi alawayyo ya yayyanka. Duk garin da ya sauka, ya ɗaura ƙyalle ɗaya a madubin mota yini guda cur, ya kwance, ya rubuta sunan garin, ya zo ya maƙala a taswirar da ya zana a kwali. Shekara biyu yana wannan. Na Ikko da Badun da Kaduna suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na Riko da sauran ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga suka fito fari tas, alhali su ma da itace suke girki. Hujjarsa ke nan, kuma buƙatarsa ɗaya ce: a mayar da layin bayan gari.

Aka ce wani babban ma'aikaci zai zo rangadi daga Kaduna, Yaya ya samu alkawarin ganinsa. Ni kuwa, budurwa mai ji da tsabta, na ga abin kunya ne a kai wa babban mutum tsummokara masu dauɗa, a ce gidanmu babu mata. Yana fita Azahar na cire su, na wanke da sabulu, na sa bula, na goge, na mayar da kowanne gurbinsa. Na Jibiya kaɗai ya tsira, don yana ɗaure a ƙofar zaure.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon kwalin.

"Balki, mi kika yi?"

"Na gyara maka su, Yaya."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kwanto na ƙofar zaure, ya ɗauki kwalin ya tafi haka nan.

Ma'aikacin ya duba, ya yi dariya har da riƙe tumbi. Ya ce, "Malam, ka ga ƙasar duk fes, motocin nan kuma ko'ina suna zuwa. Gidanku ne kaɗai ke da ƙazanta. Ka ce matanku su daina hura ɗanyen itace." Bai tako layin ba, ga shi taku kaɗan ne, kada hayaƙi ya ɓata masa babbar riga.

Inna ba ta ga damina ta gaba ba. Shi ma Yaya tari ne ya yi ajalinsa bayan shekaru, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar mini da maganar ba.

Da yana raye ya ga taswirar yau, na san abin da zai tambaya: da kuka shafa mana ja, wa aka ce ya kashe inji? Babu. An dai yi hoto, an ci abinci, an watse. Na raina su, amma ba kamar yadda na raina yarinyar nan mai sabulu ba.

Allah Ya jiƙan Yaya da Inna. Kwalin gara ta cinye shi tuni. Ƙyallen Jibiya yana ƙasan akwatina, baƙi yadda ya bar shi, kuma na gaya wa jikokina duk wadda ta sa masa ruwa ban yafe ba.